Takardun da Ba Su Je Sabon Gida Ba

Talata, 27 ga Afrilu 1943, da hantsi

Yau maigida ya tashi zaune da kansa. Wuyansa ya saki, ya sha kunu rabin ƙwarya. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, gwargwadon abin da ya rage mini.

Wannan kaye, littafin rubutu, nasa ne, a ciki yake gwada alƙalami kafin ya rubuta wa 'yan'uwa. Na ɗauka ne don ba ni da wanda zan yi wa magana. Mu kaɗai ne masu bin Yesu a wannan gefe na Madawa. Baturen mishan ya tafi tun farkon yaƙi, sauran masu bi kuma ɗaiɗai suke, wani a Tamaske, wani a Buza, wani a Tabotaki. Kowace ranar kasuwa maigida yakan rubuta musu aya guda da 'yar magana ta ƙarfafa zuciya, ya gaya musu abin da muke roƙa musu. Yanzu Kumandan, Baturen mulki, ya sa gardi masu tsaro a kowace hanya, ba shiga ba fita, kasuwa ma ba ta ci. Anfirme, ma'aikacin asibiti, ya faɗi sunan ciwon da ya shigo gari, sanƙarau. Na rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Na naɗe ƙaramar tabarmar na jingine ta bayan randa.

Laraba, 28 ga Afrilu, da azahar

Na yi masa sannu daga bakin ƙofa, bai waiwayo ba. Na ce ko barci ne. Sai uwarsa, Inna Hawa, ta saki tasa a bayansa, ƙarar ta tashi kajin maƙwabta, shi ko ƙiftawa bai yi ba. Anfirme ya zo ya tafa hannu a kunnensa na dama da na hagu, ya ce haka ciwon yake yi wa wasu, ya bar rai ya tafi da ji. Na tambaye shi ko zai dawo. Ya shiga ɗaure jakarsa.

Alhamis, 29 ga Afrilu, da la'asar

Ya tambayi inda yarinyar take, 'yarmu.

Ba ya jin muryarsa, don haka da ƙarfi yake magana, har bayan darni ana ji. Ya kira sunanta. Ni ban taɓa kiran sunan nan ba, ita ce ta fari, haka aka tashe mu. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Shi kuwa tun da ya dawo daga mishan ta Tsibiri da karatu ya yar da wannan kunya, yana kiranta gatsau a gaban mutane, ya ɗora ta a wuya, Inna tana salati tana cewa ɗanta ya lalace.

Ranar da aka fita da ita bayan gari, maƙabarta, shi bai san inda kansa yake ba. Duk unguwar nan kuma ba mai rubutun boko sai ni. Ko me za a gaya masa, ta hannuna zai bi.

Inna ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Hurera, rubuta mai ɗiyar tana Sabon Gida wurin gwaggonta. In kin hwaɗa mai yanzu, kushewa biyu za mu yi. Ni na haihe shi, na san shi."

Na share ƙasa a gabansa na rubuta da yatsa. Ya karanta, ya yi ajiyar zuciya, ya gode wa Allah da aka yi dabarar fitar da ita kafin a rufe hanya.

Asabar, 1 ga Mayu, da asuba

Na durƙusa in yi addu'a. Ba abin da ya fito.

Litinin, 3 ga Mayu, da la'asar

Sai yanzu abin ya sauka masa. Jiya Lahadi ya gwada waƙa, shi da yake ja mana waƙa kullum. Ya ga fuskata, ya yanke waƙar. Tun daga nan ya juya wa bango fuska, ya ƙi kunu, ya ƙi fura. In na taɓa kafaɗarsa sai ya ture hannuna.

Na je wurin maƙwabcinmu Malam Isaka aron allo, don takarda ta yi wuya kuma rubutun ƙasa kaji ne ke karanta shi kafin maigida. Malam ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce allonsa bai taɓa ɗaukar rubutun da ke farawa ta hagu ba, amma maƙwabci maƙwabci ne. Ya ba ni wani tsoho mai tsage a gefe, har da tawada. Mutumin nan shi ya tara maza ranar da ba ni da kowa, ba zan manta masa ba.

Na buɗe Littafi na nemo aya mai sanyi, na kwafa, na jingine allon tsakanin fuskarsa da bango. Ya rufe ido.

Laraba, 5 ga Mayu, da hantsi

Na kama Inna tana wanke allon a ƙoƙo tana ɗiga masa ruwan a kunne. Da can da na yi mata bayani, mu ba haka muke yi da magana ba, karantawa ake yi a riƙe a zuciya. Yau na riƙe mata kansa don kada ruwan ya zube a wuya. Ba ni da ƙarfin gardama, kuma ita ma ɗanta ne.

Aya ta yau ma bai duba ba.

Juma'a, 7 ga Mayu, da azahar

Zafi. Gida biyu a layinmu an fita da mutum yau. Na je gaisuwa, na faɗi abin da ake faɗi. Mata suna mini tawa gaisuwar a can waje, ƙasa-ƙasa, kamar mai ji ne a gidan.

Lahadi, 9 ga Mayu, da la'asar

Na gaji da ayoyi masu sanyi. Na rubuta masa da kaina, da haushi: "Kai kake gaya wa mutane Allah bai bar su ba. Ashe na baki ne? Tashi ka sha kunu." Na ɗora masa allon a ƙirji na fita daka.

Da na dawo yana zaune. Ya ce rubutuna har yanzu kamar tafiyar kaza. Sannan ya ce in ba shi takarda, yana so ya rubuta wa yarinyar, kada ta ji labari a bakin mutane ta tsorata.

Na yago masa daga bayan kayen nan. Me zan ce?

Litinin, 10 ga Mayu, da hantsi

Ya shanye kunu tas, ya nemi ƙari. Inna sai murna take, tana kallona wai in ga amfanin shawararta.

Ya naɗe takardar ya rubuta sunan a baya, ya ce in kai wa Mahaman, gardin da ke tsare hanyar yamma, ya san wanda zai miƙa wa. Na fita da ita. Na zagaya ta bayan masallaci, na tsaya gindin kurna har na ga ya isa a ce na je na dawo. Na shigo na soke ta cikin naɗin tabarmar.

Alhamis, 13 ga Mayu, da la'asar

Wata takarda kuma. Na zagaya, na dawo.

Asabar, 15 ga Mayu, da azahar

Ya koma rubuta wa 'yan'uwa. Waɗannan kam da gaske suke tafiya, Mahaman yana miƙa wa gardin gaba, shi ma ya miƙa, albarkacin hular da maigida ya taɓa ɗinka masa. Maigida ya rubuta wa Alƙasim na Tamaske cewa Allah ya rufe masa ƙofa ɗaya don ya daina jin tsegumin Madawa. Ya yi dariya shi kaɗai, irin dariyar da ba ta san girmanta ba. Na yi tare da shi.

Na saka tawa 'yar takarda a ciki, zuwa ga Takawa matar Alƙasim, wadda ta binne 'ya'ya biyu a shekarar fari. Na gaya mata kome. Ban roƙi shawara ba, na ce dai su yi mini addu'a, tawa ta ƙafe.

Talata, 18 ga Mayu, da hantsi

Na karanta takardunsa. Na san ba nawa ba ne. Na zauna bayan randa na buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Yana gaya mata kada ta ji tsoron ciwon, ko a Sabon Gida ko a Madawa hannu ɗaya ne yake riƙe da ita. Ta taya gwaggonta surfe, kada ta yi rowar karatu ga 'ya'yan gidan. Ya ce kunnensa ya tafi yawo bai dawo ba, don haka ta gyara rubutu, da shi za su riƙa hira. A ta ƙarshe ya ce, "Uwarki ba ta faɗi, amma tana kewarki fiye da ni. Na ga tana kallon wurin kwananki. Ki yi mata addu'a, ta gaji."

Na mayar da su yadda suke. Tuwon yau ya yi gudaji, har Inna ta yi magana.

Alhamis, 20 ga Mayu, da la'asar

Ya fara tambayar amsa. Alƙasim yana can nesa, bai yi mamakin shirunsa ba, amma Sabon Gida nan ne kusa, kuma yarinyar ba ta da ƙiwar rubutu. Na rubuta masa a allo cewa gardin can ɓangaren mai tsanani ne. Ƙarya ta haifi ƙanwarta.

Inna ta ce in amsa masa da hannuna, in ƙanƙanta rubutun. Na ce mata yarinyar ta fi ni iya rubutu, zai gane. Ta ce to in yi ƙoƙari. Na zauna, na rubuta "Baba", na kasa ci gaba. Na gaya wa Inna ko za ta yanka ni wannan kam ba zan yi ba. Ta ce taurin kaina ne zai kashe mata ɗa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, yau ma ban ɗaga ba, amma na bar mata wurin tana magana.

Asabar, 22 ga Mayu, da asuba

Shamuwa ta sauka kan gawon bakin rijiya. Yara suna ta ihu.

Asabar ɗin dai, da azahar

Kowa ya san in ruwa ya sauka ciwon nan yana ɗagawa, in ya ɗaga kuma a buɗe hanya. Garin duka ruwa yake jira. Ni kaɗai ce nake duban gabas gabana yana faɗuwa. Wace irin mace ce wannan, ana mutuwa a layinta tana fatan rani ya daɗe? Na san amsar, ba na son ta.

Litinin, 24 ga Mayu, da hantsi

Maza sun fita bayan gari roƙon ruwa, Malam Isaka a gaba. Maigida ya ga suna wucewa, ya ce mu ma mu yi namu. Ya kama hannuna muka durƙusa a tsakar gida. Ya roƙi ruwa saboda masu ciwo, saboda gero, saboda jakai, saboda hanyar Sabon Gida. Da ya gama ya dube ni don ya ga bakina ya ce amin. Na motsa leɓe.

Laraba, 26 ga Mayu, da la'asar

Amsa ta zo daga Tamaske, takarda biyu. Ta maigida ba gaisuwar kome a ciki, sai barka da tashi da aya. Ke nan na jawo Alƙasim ma cikin ƙaryata, mutumin da ko a ciniki ba ya ƙara kalma.

Tawa Takawa ce ta faɗa, shi ya rubuta. Na kwafe ta nan don ina so in riƙa gani:

"Hurera, mun jiya. Muna ambatonki sahe da marece, da sunanki, tun da taki ta ƙahe ki sha tamu. Ba mu ce ki yi ba, ba mu ce ki bari ba, ke ad da gida. Amma kukan ga na mutum biyu na. Mijinki shina da rabo ciki, kak ki ci mai rabonai."

Na ji haushinta. Tana Tamaske tana raba mini kuka. In ya koma bango ya ƙi ci, ita za ta zo ta ɗura masa?

Alhamis, 27 ga Mayu, da asuba

Na sake karanta ta Takawa. Haushin bai tafi ba, amma na kasa ce mata ƙarya take.

Asabar, 29 ga Mayu, da azahar

Hadari ya haɗu jiya ya watse. Na ji sanyi a raina, Allah ya gafarta mini.

Maigida ya zagaya gida har bakin rijiya ba sanda. Yana ɗan tangaɗi, anfirme ya ce shi ma na kunnen ne. Ya zauna yana gyara takalminsa, ya feƙe sabon alƙalami na kara, ƙarami, daidai hannun yaro. Ya nuna mini yana tambaya ko ya yi kyau. Na gyaɗa kai.

Talata, 1 ga Yuni, da almuru

Ruwa.

Laraba, 2 ga Yuni, da hantsi

Ya sauka sosai, har kwari ya kawo. Mata suna guɗa. Mahaman ya biyo ya ce ana maganar ɗage gardi cikin kwanakin nan. Maigida bai ji ba, amma ba sai an gaya masa ba, ya ga ƙasa.

Ya ce gobe shuka, in an gama shuka zai kama hanya ya ɗauko ta. Inna ta ce in rubuta masa jikinsa bai yi ƙwari ba, ya bari sai bayan noman fari. Bayan noman fari kuma sai me? Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Da ina jin wannan magana a gidan biki, ban san za ta same ni ta wannan hanya ba.

Na ce wa Inna gobe ta zauna gida, ƙafarta ba ta son laka. Ta dube ni, ta gane. Ta ce, "In wani abu yas same shi, ke da Allah." Na ce na ji.

Ina tsoro. Ina tsoron bangon nan fiye da kome. Kuma na gaji, gajiyar da barci ba ya ɗauke ta.

Alhamis, 3 ga Yuni, da almuru

Mun fita da sassafe, shi da sungumi, ni da ƙwaryar iri. Yana sara yana gaba, ina zubawa ina rufewa da diddige. Aikin yarinyar ne wannan tun bara waccan. Yana tafiya yana magana shi kaɗai da ƙarfi, wai baɗi ba zai ƙara yarda da ni a bayansa ba, na cika nawa, ita kamar tsuntsu take bin sa.

Wajen tsakiyar gona na ajiye ƙwaryar. Bai sani ba, ya ci gaba da sara har ya yi nisa, sai da ya waiwayo ya gan ni a durƙushe. Ya dawo yana tambaya ko ƙaya ce.

Ƙasar da danshi, tana karɓar rubutu. Na lailaye ta da tafin hannu. Na shirya magana tun jiya, doguwa, da aya a gaba da aya a baya. Ba ko ɗaya da ta zo. Na sa yatsa na rubuta:

Balki

Ban ƙara kome ba. Ya dubi sunan, ya dube ni. Shekara tara yana tsokanata in faɗe shi ko sau ɗaya, ina ƙi. Na ga lokacin da ya gane, sungumin ya zame daga hannunsa.

Ya ce, "Yaushe?" A hankali ya faɗa, karo na farko tun da ya tashi.

Na rubuta masa. Ya tambayi wanda ya kai ta, na rubuta Malam Isaka da mazan unguwa. Ya tambayi takardun. Na rubuta suna gida, ni na karanta su, duka, ba sau ɗaya ba.

Ya miƙe ya nufi ƙarshen gona yana tangaɗi, ya ba ni baya. Na zauna ina kallon bayan nan. Na ce shi ke nan, maganar Inna ta tabbata. Ina jin kukansa daga inda nake, masu shuka a gonar gaba suka tsaya, shi bai san ana ji ba. Ban je ba. Rabonsa ne, na riga na riƙe masa shi ya daɗe.

Rana ta take sosai kafin ya dawo. Ban san ko zagi zai yi ba, da ya yi ma da na karɓa. Ya durƙusa a gabana, idonsa jawur, ya ce, "Dut kwanakin ga ke ɗai kina ɗauke da shi, kina ba ni kunu?" Na sunkuyar da kai. Ya ce abin da na yi masa da zafi, kuma za mu yi maganarsa, amma ba yau ba.

Sai ya ɗora tafin hannunsa a maƙogwarona, da laka da kome.

"Yi muna addu'a, Hurera. Ba ni jin ki, amma in kin yi ina ji nan."

Na girgiza kai. Bai ɗauke hannun ba. Na buɗe baki don in ce masa ba ta fitowa, sai na ji na ce ya Uba. Daga nan ban san abin da na faɗa ba. Na san dai na kira sunanta da bakina, a fili, a tsakiyar gona, na yi ta kira. Yana jin motsin a hannunsa, idonsa a rufe.

Ina tsakiyar magana na tsaya jan numfashi, ya zaci na gama, ya ce amin da ƙarfi. Ban gyara masa ba. Na ce amin.